Ƙofar Gaba ta Gidan Lammert

A ƙauyen Ekkelo ba a ƙwanƙwasa ƙofar gaba. In kana neman mutum sai ka jingine kekenka a jikin shinge, ka zaga ta baya, ka tura ƙofar kicin kana cewa, "Akwai mutane?" Ƙofar gaba sau biyu ake buɗe wa mutum ita: ranar da za a shigo da amarya, da ranar da za a fita da gawa. Ta gidan Lammert Oldenhave rabonta da buɗewa shekara ashirin da shida ke nan, tun da aka fita da mahaifiyarsa. Duk bayan shekara uku sai ya shafe ta da koren fenti, har fentin ya manne ta da bango.

Lammert ya ba saba'in baya da shekara shida. Shekara arba'in ya yi yana aikin daji, yana sare itace yana dasa wani, kuma sai da halinsa ya koma irin na kututture: inda aka bar shi nan za a dawo a same shi. Ba mugu ba ne, kada a yi masa ƙazafi. Ba ya cin haƙƙin kowa. Amma in ya ce ga yadda ake yin abu, ko fasto ne ya zo da littafinsa sai dai ya sha kofi ya koma. Matarsa Jantien ce kaɗai ke iya juya shi, ita ma sai ta yi mako tana mita.

Layinsu gida tara ne, a bakin daji, inda dogayen itatuwa ke haɗe kai a sama har rana ba ta sauka ƙasa sai da tsaka. Da can kowane gida da hayaƙinsa. Yanzu huɗu daga ciki na mutanen birni ne da ke zuwa ran Juma'a su tafi ran Lahadi, sauran kwanakin labule a sauke, barewa na cinye musu furanni. Kanti ya rufe. Motar haya sau biyu take shigowa a wuni. Abin da ya rage wa ƙauyen mai motsi shi ne makarantar firamare, da yara ashirin da biyar a cikinta, alhali an riga an gaya musu in suka gaza ashirin da uku za a sa mata kwaɗo.

Uku daga cikin yaran nan 'ya'yan gidan da ke jikin na Lammert ne.

Gidan marigayi Harm ne, abokinsa tun na yarinta. Da Harm ya rasu, Fenna 'yar Lammert ta so ta saya, ta zauna kusa da iyayenta. Wasu miji da mata daga birnin Utrecht, Joost da Maaike, suka taya da abin da Fenna ko a mafarki ba ta riƙe ba, magada suka sallama musu. Fenna ta kwashe mijinta da 'ya'yanta suka kama haya a bene hawa na uku a birnin Deventer. Abin ya tsaya wa Lammert a rai.

To, a Ekkelo maƙwabtaka ba haɗa shinge ba ce, nema ake yi. Wanda ya tare yakan bi gida-gida ya ce, "Na zo neman maƙwabtaka," a amsa masa, ya kira mutane shan kofi da ɗan abin ɗumama ƙirji. Daga ranar ya shiga sahu. In an yi masa haihuwa maƙwabta su kawo dogon biredi mai zabibi. In biki ne su kafa masa baka na ɗanyen ganye a ƙofa, mata su cika shi da furannin takarda. In mutuwa ce su kaɗa ƙararrawa su ɗauki akwati. Gidan da ya fi kusa shi ne maƙwabcin fari, shi ake fara zuwa, kuma sai ya amsa sauran ke amsawa. Lammert ne maƙwabcin fari na gidan Harm, kamar yadda ubansa ya kasance.

Abin da ya faru shekara huɗu da suka wuce, Lammert kaɗai ya sani a gidansa.

Ranar Asabar ce da la'asar, kwana shida da tarewar baƙin. Jantien ta tafi duba ƙanwarta. Shi kuma ya shiga ɗakin gaba, wanda ba a zama a ciki, don ya murza wa agogon bango mabuɗi. Ta cikin labule ya hango matar nan Maaike ta taho da faranti a rufe da ƙyalle. Maimakon ta bi gefen gida, sai ta miƙe ɗoɗar zuwa koriyar ƙofa. Ta duba dama ta duba hagu tana neman ƙararrawa, babu. Sai ta ƙwanƙwasa.

 Tunda Lammert yake bai taɓa jin ƙarar hannu a jikin ƙofar nan ba. Ya ƙame a bayan labule, mabuɗin agogo a hannu. Ta sake ƙwanƙwasawa. Ya ce a ransa, "Ai tana da ƙafa, za ta zaga." Ya sulale zuwa kicin, ya ɗora ruwa a wuta, ya sauko da kofi biyu daga cikin na baƙi masu bakin zinariya, ya buɗe gwangwanin biskit. Har hular kansa ya cire ya shafa gashi. Ya zauna yana fuskantar ƙofar baya.

Ruwa ya tafasa. Ba wanda ya turo ƙofa. Da ya koma ya leƙa, sai ya hango bayanta ta kusa shiga gida, faranti na nan a hannunta. Taku ashirin ne tsakani. Da ya ɗaga murya da ta ji. Ya tsaya yana tunanin me zai ce, har ta shige. Ya mayar da kofunan inda suke.

Da Jantien ta dawo bai faɗa mata ba, don kunya. Washegari ma haka. Bayan mako guda kunyar ta bushe ta zama hujja, domin haka ɗan Adam yake: in ya kasa gyara laifinsa sai ya ɗinka masa riga. Duk wanda ya tambaye shi labarin sababbin mutanen, amsa ɗaya ce: "Ba su zo sun nema ba."

"Yo ta ina za su sani, kai Lammert?" in ji Jantien. "Mutanen birni ne fa. Can ko sunan na jikin bangonsu ba su sani ba. Ka taka ka gaya musu mana, ƙafar ba ara ka yi ba."

"Wanda ya zo shi ke nema. Haka muka taras."

"Haka kuka taras! Kun taras da fitilar kananzir ma, me ya sa ka ja lantarki?"

Sai ya ɗauki hula ya fita duba kaji.

Haka aka ci shekara huɗu. Ana gaisawa, kada a ce ba a yi: in an haɗu a hanya Lammert yakan ɗaga yatsa ɗaya daga kan keke, Joost ya ɗaga hannu da yatsu duka biyar yana murmushi kamar mai neman ƙuri'a. Amma ranar sabuwar shekara da maƙwabta ke zagayen gidaje, sai a tsallake gidan Harm. Ranar jan itacen babbar wutar bikin Ista, ba a kira Joost ba. Da Maaike ta haifi ta ukunsu, ba biredi ba fure. Jantien dai ta naɗe furannin takarda guda sittin, ruwan hoda, ta zuba a kwalin takalmi ta ɗora kan kabad, wai ko za su zo. Jaririyar nan yanzu har ta shiga ajin ƙanana, kwalin na nan.

Wata safiyar Talata, lokacin da ganye ya fara zuba, Roelof na gida na uku ya turo ƙofar kicin daidai ƙarfe goma, lokacin kofi. Tsohon direban motar madara ne, bakinsa ba ya da birki.

"Akwai mutane? Ko duk an mutu ba a gaya mini ba?"

"Zauna, kunnuwanmu sun huta da yawa," in ji Jantien tana zuba masa.

Roelof ya tsoma biskit ya dubi Lammert. "Sarkin layi, ka leƙa waje yau kuwa? An kafa maka tuta."

"Wace tuta?"

"Allon dillalin gidaje, a gaban gidan Harm. Ƙato, da hoton wani yaro mai haƙora."

Lammert ya ajiye kofinsa a hankali.

"Ka iya lissafi ko in yi maka?" in ji Roelof. "Ashirin da biyar a cire uku. Jikata Hilde na aji huɗu, Lammert. In aka rufe makarantar nan ɗana ya ce shi ma tattarawa zai yi. Sai mu zauna ni da kai da barewa. Ranar da ka miƙe ƙafa, wa zai ɗauke ka? Ni da wannan bayan nawa? Sai dai mu tura ka a baro."

"Ba ni na kore su ba."

"A'a, wa ya ce? Kai ai ko tari ba ka yi musu ba. Shekara huɗu! Mu kuma shashashai muka zauna muna jiran ka amsa mu amsa." Roelof ya daina dariya. "Ka je ka yi musu magana. Allo jiya aka kafa shi, bai yi saiwa ba. Kai ne na fari, ba wanda zai tsallake ka."

Bayan ya fita Jantien ba ta yi mita ba, abin da ya fi tayar wa Lammert hankali ke nan. Ta ɗauki waya ta kira mai gidan biredi na garin gaba, ta ce a gasa mata mai zabibi, mai tsawon hannu. Ran Asabar aka kawo. Ta naɗe shi a farin ƙyalle, ta ɗora masa a hannu biyu kamar jariri, ta gyara masa wuyan riga.

"In ka dawo mini da shi, a rumbun kaji za ka kwana," ta ce.

Taku ashirin ɗin nan sai da suka zame masa tafiya. Ƙafafunsa da kansu suka bi gefen gidan, hanyar da ya bi sau dubu zuwa wurin Harm. Sai ya tarar an yi ƙyaure a wurin, da kwaɗo. Ya tsaya turus. Ba yadda ya iya, ya dawo ta gaba, ya hau matakala, ya danna ƙararrawa da gwiwar hannu. Shiru. Ya ji kamar duk tagogin layin sun zuba masa ido. Bai san inda zai sa fuskarsa ba, bai san ko an gan shi an ƙyale ba ne. Minti ɗaya bai cika ba, amma a cikinsa ya gane abin da shekara huɗu ba su koya masa ba.

Maaike ta buɗe, gashinta a ɗaure da ƙyalle, hannunta riƙe da salatif. Ta dube shi, ta dubi abin da ya rungumo.

"Meneer Oldenhave. Lafiya dai?"

Meneer, wato Malam, ba mai kiransa haka sai likita. Ya ce, "Lafiya. Jantien ce ta ce... a'a. Ni ne. Ni na zo."

Ta matsa masa ya shiga. Falon cike da kwalaye, an rubuta wa kowanne suna. Joost ya kai yaran wurin iyo, in ji ta. Lammert ya nemi inda zai ajiye biredin ya rasa, ya ci gaba da riƙo. Maganar da ya shirya tun Talata ta watse, sai ya fara ta tsakiya. Ya ce makaranta. Ya ce hunturun nan ba kullum yake da tsanani haka ba. Ya ce in rufin ne ke yoyo ya san mai gyara. Daga ƙarshe ya ce, "A cire allon nan. Ku zauna."

Maaike ta zauna a kan wani kwali. "Shekaranjiya muka sa hannu," ta ce. "Allon don cika ƙa'ida ne kawai, masu saye sun daɗe a layi. Wani likitan haƙori ne da matarsa, daga Amsterdam. Ba su da yara. Sun ce ƙarshen mako za su riƙa zuwa, shirun wurin ne ya burge su." Ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Na ce musu shiru kam za su same shi har ya ishe su."

 Lammert ma ya sami kwali ya zauna.

"Mun so garin nan, Meneer. Ba hutu muka zo yi ba, zama muka zo yi. Joost har littafin tarihin ƙauyen ya saya. Amma bara da aka kafa wa su Roelof bakan furanni, babbar 'yata ta tambaye ni, wai Mama mu me muka yi? Na rasa amsar da zan ba ta. Har yau ban sani ba." Ta ɗago ta dube shi. "Na zo gidanku, kun sani. Da kek ɗin tuffa. Na ga hularku ta motsa a bayan labule."

Ashe ta gan shi. Shekara huɗu tana amsa gaisuwar yatsansa, tana sane.

"Ƙofar ba ta buɗewa," ya ce. "Ba a shiga ta nan sai amarya, ba a fita sai gawa. Na ɗauka za ki zaga ta baya. Na ɗora ruwa. Na sauko da kofi biyu, masu bakin zinariya."

"Ta baya?" Ta zaro ido. "In zaga bayan gidan mutumin da ban sani ba? A wurinmu ai ɓarawo ke yin haka!" Sannan ta maimaita a hankali, "Kofi biyu." Ta sa bayan hannu ta share ido. "To da na juya, me ya hana ku kira ni?"

Nan ne Lammert ya so ya ce al'ada. Kalmar ta zo har bakinsa, ya ji ba za ta ɗauki nauyin ba. Ya ce, "'Yata ce ta so gidan nan. Ina jin ban so ki zago ba, ko da na ɗora ruwan. Allah ya sani, ni ma ban tantance ba."

 Maaike ta tashi ta buɗe wani kwali da ta riga ta liƙe, ta ciro wuƙa da faranti biyu, ta ɗauko man shanu. Ta karɓi biredin daga hannunsa ta yanka. Suka ci a kan kwalaye, ba kofi, don an riga an naɗe tukunyar.

"Me ake cewa ne?" ta tambaya da abinci a bakinta. "Wai in mutum ya zo. Ina so in sani, ko don in gaya wa 'yata."

"Cewa ake yi, na zo neman maƙwabtaka."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Kalma huɗu," ta ce, ta girgiza kai. Sai ta gyara zama, ta kakkaɓe siket. "To, na zo neman maƙwabtaka."

Lammert ya cire hula, kamar yadda ake yi. "An ba ki, da daɗi da wuya." 

"Sauranmu kwana goma sha ɗaya, maƙwabci," in ji ta. "Me maƙwabcin fari ke yi wa mutum a kwana sha ɗaya?"

"In zai tashi, shi ke taya shi loda kaya."

Da ya fito bai shiga ta kicin ba. Ya wuce rumbu ya ɗauko tsohuwar wuƙarsa ta aikin daji, ya zo gaban koriyar ƙofa ya durƙusa. Ya bi gefenta yana tsaga fenti, shafi takwas, kowanne da hannunsa ya yi shi. Sannan ya zaga ciki, ya zare sakata da guduma, ya sa kafaɗa. Sau uku tana turjewa, a na huɗu ta yi wata ƙara ta buɗe. Haske ya faɗo cikin zauren da ya manta launin tayil ɗinsa. Daga nan tsaye ana ganin ƙofar gidan Harm sarai, da allon dillali.

Iska ta ratsa gidan har kicin. Jantien ta fito da cokali a hannu, ta ga ƙofa a buɗe, ta dafe ƙirji.

"Lammert! Wa ya rasu?"

"Ba kowa." Bai iya juyowa ya dube ta ba. Ya nuna matakalar da wuƙa. "Matar nan ta zo, Jantien. Tun makon farko ta zo, nan ta tsaya, da kek a hannu. Ina ciki. Ina kallonta."

Jantien ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi. Ta dubi matakalar, ta dubi gidan da ke can taku ashirin, ta ɗaga kai wajen kabad inda kwalin takalmi yake. Can ta ce, "Sun sayar ko?"

Ya gyaɗa kai.

"Rufe ƙofar, sanyi na shigowa."

Ya ja, ta ƙi. Katakon ya sha damina ashirin da shida ya kumbura, da ya fita daga gurbinsa ya ƙi komawa. Yana cikin kokawa da ita Roelof ya ɓullo a kan keke daga wajen makaranta, yana fito. Ya hango ƙofar gaba ta gidan Oldenhave a buɗe. Fiton ya tsaya. Ya sauka daga keken a tsakiyar hanya, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

Lammert ya buɗe baki zai ce masa ba abin da ya mutu, sai ya kasa.